Maganin Hawan Jini Da Tsofaffinmu: Ƙidayar Da Ba A Yi A Gama

Sunan Gama ya shiga kunnen 'yan Nijeriya duka a watan Maris na 2019, lokacin da aka sake zaɓen gwamnan Kano a mazaɓar, kowa ya kasa kunne yana jiran ƙidayar ƙuri'unta. Amma akwai wata ƙidayar da ba a kawo ta a rediyo, watau yawan tsofaffin da ke haɗiyar ƙwayar hawan jini kowace safiya a Gama da Birged da Tudun Wada da Gwagwarwa, da yawan waɗanda ƙwayar ke sa wa jiri ko kumburin ƙafa, da kuma waɗanda suka tura kwalin ƙarƙashin katifa ba su gaya wa kowa ba. Duk matar da ke fita ziyarar marasa lafiya tare da Zumuntar Mata ta san irin gidajen da muke nufi.

Kafin a kai ga illar magani, dole a faɗi girman cutar kanta. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Satumba na 2023 ya ce mutum biliyan 1.3 ne ke da hawan jini a duniya, kusan rabinsu ba su ma sani ba, huɗu cikin biyar kuma ba su samun kulawar da ta isa. A nan gida, wani nazari da aka buga a 2021 ya ƙiyasta cewa masu hawan jini a Nijeriya sun tashi daga miliyan 4.3 a 1995 zuwa miliyan 27.5 a 2020. Cikinsu kashi 29 cikin 100 ne suka san suna da shi, kashi 12 ke shan magani, waɗanda jininsu ya sauka yadda ake so kuwa ba su kai kashi 3 ba. Saboda haka wanda ya karanta wannan sharhi ya ce an hana shi shan magani bai fahimce mu ba. Shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda da gazawar zuciya sun fi kowace illar ƙwaya muni nesa ba kusa ba.

A ƙarshen 2020 ne Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fara wani shiri na yaƙi da hawan jini a ƙananan asibitoci 104 na jihohin Kano da Ogun. Hikimar shirin ita ce a sauƙaƙa wa ma'aikacin lafiya na unguwa aiki ta hanyar ba shi matakai a jere. Za a fara da amlodipine mai lamba 5. In jini bai sauka ba a ƙara losartan, sa'an nan a ninka su, daga ƙarshe a ƙara maganin sa fitsari. Wannan tsari yana da tushe mai ƙarfi, domin a 2019 an buga sakamakon wani gwaji da Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a kan baƙar fata 728 a ƙasashen Afirka shida, wanda Farfesa Mahmoud Sani na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana cikin masu binciken. Gwajin ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jinin mutanenmu. Abin yabo ne, kuma namu ne suka yi shi. Sai dai tsarin da aka yi domin jama'a masu yawa ba ya iya duban fuskar kowane mutum. Ɗan shekara 45 mai tuƙa a-daidaita-sahu da tsohuwa 'yar shekara 80 da ke dogara sanda suna iya fitowa daga ɗakin likita da ƙwaya iri ɗaya, alhali jikinsu ba ɗaya ba ne. Ƙodar tsoho ba ta tace magani da sauri kamar ta saurayi, ƙishirwa ba ta kama shi da wuri, jijiyoyin da ke riƙe jini in ya miƙe tsaye kuma sun yi sanyi.

Mu fara da kumburin ƙafa, tun da shi ya fi yawa. Amlodipine da 'yar'uwarsa nifedipine suna buɗe ƙananan hanyoyin jini, sai ruwa ya riƙa taruwa a idon sawu. Ƙafafu biyun ne ke kumbura, abin ya fi tsanani da yamma, da safe kuma ya sauka. Ya fi kama mata, ya kuma fi yawa in an kai lamba 10. Shi kansa ba ya kisa. Abin da ke biyo bayansa ne abin tsoro. Mama ta ga takalmin zuwa sujada ya ƙi shiga, maƙwabciya ta ce ai ƙoda ce, sai a aika yaro kemis ya karɓo Lasix. To, Lasix ba ya taɓa tushen wannan kumburi, domin ba yawan ruwa ne a jiki ya kawo shi ba. Abin da zai yi shi ne ya tatse ruwan jikinta, ya tashe ta fitsari sau da yawa cikin dare, ta miƙe cikin duhu da jiri ba wutar lantarki, ta faɗi a bakin bayan gida. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Da an koma wa wanda ya rubuta maganin, rage lamba ko haɗa shi da losartan yakan rage kumburin. Amma fa in ƙafa ɗaya ce ta kumbura, ko kumburin ya zo da haki da kasa kwanciya sai an tara matasai, wannan wani zance ne dabam, asibiti za a nufa a ranar.

Jiri shi ne babban abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Kowane maganin hawan jini yana iya sa jini ya faɗi idan mutum ya tashi daga kwance ko daga zaune. Likitoci suna da ma'auni a kan haka: in lambar sama ta ragu da 20, ko ta ƙasa ta ragu da 10, cikin minti uku da miƙewa, to akwai matsala. Awon ba ya bukatar wata sabuwar na'ura, ba ya kuma cin kuɗi. A auna mutum yana kwance ko yana zaune, a sa shi ya miƙe, a sāke aunawa. Amma a layin da mutum ɗari ke jiran ma'aikaci ɗaya, a zaune ake auna kowa, a rubuta lamba a kati, a kira na gaba. Sai a ga lambar Baba ta yi kyau a takarda, alhali kullum sai ya dafa bango kafin ya kai ƙofar ɗakinsa. Faɗuwar tsoho ba kamar ta yaro ba ce. Karayar ƙugu takan kwantar da shi wata da watanni, daga nan gyambon kwanciya da ciwon huhu su shigo, da yawa kuma ba su sāke takawa da ƙafarsu. A wajen jana'iza za a ce tsufa ne, ba wanda zai ambaci ƙwayar da aka ƙara masa makonni uku kafin ya faɗi.

Ku dubi yadda sujadarmu take. Ana durƙusawa a yi doguwar addu'a, sa'an nan mai jagora ya ce kowa ya miƙe. Ana tsayawa a rera waƙoƙi uku ko huɗu a jere cikin majami'a mai rufin kwano, fanka ba ta juyawa. Dattijuwar da ta zube a tsakiyar waƙa, kafin a ce Ruhu ne ko maƙiyi ne, a kwantar da ita, a ɗaga ƙafafunta, a tambayi 'ya'yanta wace ƙwaya ta sha da safe. Ba abin kunya ba ne fasto ya faɗa daga bagadi cewa tsofaffi su yi zamansu, Ubangiji yana jin addu'ar mai zaune.

Sai maganar zafi. Kowa ya san Afrilu da Mayu a Kano, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40. A farkon Afrilun 2024 zafi ya kai 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako kuma ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, da yawa daga cikinsu masu shekaru sama da 60. Jikin da ke zubar da gumi yana kuma shan maganin sa fitsari, irin su hydrochlorothiazide da Moduretic da tsofaffinmu suka daɗe da sani, yana asarar ruwa ta hanya biyu. Bugu da ƙari waɗannan ƙwayoyi suna iya rage gishirin da ke cikin jini, musamman ga tsofaffin mata marasa jiki. Alamun abin ba su kama da ciwo: kasala, tashin zuciya, rashin cin abinci, sa'an nan ruɗewa. Kaka ta fara kiran jikanta da sunan ƙaninta da ya rasu tuntuni, sai gida ya rabu biyu, wasu su ce gigin tsufa ne, wasu su ce a kira masu addu'a. A yi addu'ar, amma a kai ta a ɗebi jini, domin awon ƙoda da gishirin jini ne kaɗai ke nuna wannan, kuma abu ne da ake gyarawa. Ya kamata a yi awon nan mako ɗaya ko biyu bayan fara irin wannan magani ko losartan ko lisinopril, daga nan aƙalla sau ɗaya a shekara. Haka kuma ranar da tsoho ya kamu da amai da gudawa, a tuntuɓi ma'aikacin lafiya a ranar, domin sau da yawa akan dakatar da waɗannan ƙwayoyi har ya fara ci da sha, don a tsare ƙodarsa.

A nan ne zancen azumi ya shigo. Ikkilisiyoyi da yawa suna buɗe shekara da azumi da addu'a, wasu suna yin na kwana arba'in kafin Ista, wanda yakan faɗo daidai shigowar bazara, wasu kuma suna kiran azumin da ba ci ba sha. Tsofaffi su ne suka fi kowa himma a wannan, su ne kuma ya fi yi wa haɗari. Wani ya sha ƙwayar fitsari da asuba ya yini ba ruwa, wani kuwa ya bar maganin ɗungum har a gama azumin. Duka biyun kuskure ne. A ganinmu wajibi ne duk mai sanar da azumi ya haɗa da cewa masu shan maganin hawan jini da na ciwon sukari su ga likita tukuna, kuma ba a ɗora musu azumin da babu ruwa ba. Kalmar da ta fito daga bakin fasto ta fi ta nas nauyi a kunnen tsohuwa, wannan kuwa kowa ya sani.

Lisinopril da danginsa suna da tasu alamar, watau busasshen tari mai ƙaiƙayi a maƙogwaro wanda ba ya jin maganin tari. Mutum ya sha kwalba bayan kwalba, a ce hunturu ne, a ce ƙura ce, har a fara raɗe-raɗin tarin fuka, alhali sauya ƙwayar zuwa losartan yakan kawo ƙarshen abin. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne kumburin leɓe ko harshe ko maƙogwaro, wanda bincike ya nuna ya fi samun baƙar fata, yana kuma iya zuwa bayan an yi watanni ko shekaru ana shan maganin lafiya lau. Wannan ba ya jiran gari ya waye. Daga Gama, Asibitin Nassarawa, wanda yanzu ake kira Asibitin Koyarwa na Muhammad Abdullahi Wase, da Asibitin Sir Muhammadu Sanusi da ke 'Yankaba ba su da nisa.

Akwai kuma tsofaffin magunguna da wasu suka riƙe tun zamanin da suke aiki. Aldomet yana sa barci da mutuwar jiki da baƙin ciki marar dalili, har a ga dattijon da ke jagorar nazarin Littafi Mai Tsarki ya koma shiru-shiru. Atenolol da propranolol suna rage bugun zuciya, suna tayar da asma, suna kuma ɓoye alamun faɗuwar sukari ga mai ciwon sukari, ga shi ba a yanke su farat ɗaya. Wani abin da ba kowa ya sani ba: timolol, maganin ɗigawa da ake ba masu hawan jinin ido, danginsu ne, yana kuma shiga jini ta hanci. Tsofaffinmu da yawa suna zuwa Asibitin Ido na ECWA da ke Sabon Gari, suna kuma karɓar ƙwayar hawan jini a wani asibitin. In ba su faɗa ba, likitan ido bai san da ƙwayar ba, likitan hawan jini kuma bai san da kwalbar ba, don mai ita bai ɗauke ta magani ba, ruwan ido ne kawai a wurinsa. Haka maganin da ake ba dattawa maza don fitsari ya riƙa fita da sauƙi, da maganin ƙarfin maza da ake saye a ɓoye, dukansu suna ƙara saukar da jini.

Na ciwon gaɓoɓi kuwa akasin haka suke yi. Diclofenac da ibuprofen da Feldene, waɗanda ba a rasa su cikin haɗin da ake ƙulla wa mai ciwon gwiwa a leda, suna ɗaga jini suna kuma raunana aikin maganin hawan jini. Sai likita ya ga lamba ta hau ya ƙara ƙwaya, bai san da ledar ba. In suka haɗu da maganin fitsari da losartan ko lisinopril a jiki ɗaya, ƙoda ce ke biyan bashin. Zoɓo ma, wanda bincike ya nuna yana ɗan saukar da jini, da duk wani jiƙo da ake sha, a faɗa wa likita. Kanwa da dunƙulen miya kuwa gishiri ne da ya sauya suna.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne tsada. Bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar Naira, kamfanin GSK ya sanar a watan Agusta cewa zai daina sayar da kayansa da kansa a Nijeriya, Sanofi ya bi sahu a watan Nuwamba, farashin magani ya yi tashin gwauron zabo. A Kano kuma, a watan Fabrairu na 2024 hukumar NAFDAC da majalisar masu harhaɗa magunguna suka rufe shagunan magani fiye da dubu a Sabon Gari da kewaye, domin tilasta wa 'yan sari komawa sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro a kan hanyar Zariya. Manufar tana da kyau, domin ƙwayar da ta yini cikin zafin rumfa ba a san abin da ya rage a cikinta ba. A watan Yuni na 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin ɗauke haraji daga kayan haɗa magunguna. Amma ɗan fansho ba umarni yake kaiwa kemis ba, abin da ke aljihunsa yake kaiwa. Shi ya sa ake ganin mai shan ƙwaya yau ya tsallake gobe, da mai raba ɗaya biyu, da miji da mata masu shan kwali ɗaya ko da yake ba abu ɗaya aka rubuta musu ba. Wanda ya yi mako biyu ba magani, ranar da kuɗi suka shigo ya koma kan ƙwayoyi uku a lokaci guda, shi ne jiri ya fi kayarwa. Ga kuma sauyin kwali: wannan wata fari, wata mai zuwa shuɗi, suna dabam, alhali abin da ke ciki ɗaya ne. Tsohon da ba ya karanta ƙananan haruffa sai ya haɗa biyun ya sha, ya ninka lamba bai sani ba. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu domin masu rauni, har da tsofaffi, Jihar Kano kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Sakatarorin ikkilisiya su je su tambayi yadda ake rajista, kada su jira a zo a same su.

Wani zai ce, in haka ne, mai shekara 80 ya huta da magani mana. Bincike bai goyi bayan haka ba. A 2008 an buga gwajin da aka yi a kan mutum 3,845 masu shekara 80 zuwa sama, aka ga magani ya rage mace-mace da kashi 21 cikin 100, gazawar zuciya kuma da kashi 64. A 2015 wani gwajin a Amurka mai mutum 9,361 ya nuna saukar da lambar sama ƙasa da 120 ya ƙara rage mutuwa, amma ya ƙara yawan suma da rikicewar gishirin jini da raunin ƙoda. Abin lura shi ne ba a sa masu ciwon sukari a wannan gwaji ba, ko waɗanda suka taɓa shanyewar jiki, ko waɗanda jininsu ke faɗuwa sosai in sun miƙe, kuma ana duba mahalarta a kai a kai. Kuskure ne a ɗauko lambar da aka samu a irin wannan yanayi a ɗora wa tsohuwar da ke ganin likita sau biyu a shekara. A ɗaya ɓangaren, a 2020 likitoci a Ingila suka gwada janye ƙwaya ɗaya daga cikin magungunan tsofaffi masu shekara 80 zuwa sama waɗanda jininsu ya riga ya sauka, cikin gwajin mutum 569, bayan mako 12 kuma yawancinsu jininsu bai haura iyaka ba. Ashe rage magani ma aikin likita ne, ana kuma iya roƙonsa ya duba yiwuwar haka.

Dole mu taɓo abin da ke tsakaninmu. Akwai wuraren da ake tafa wa wanda ya ba da shaida cewa ya zubar da ƙwayoyinsa. Hawan jini ba ya ciwo, don haka mai shaidar zai ji garau na wata da watanni, ranar da ya faɗi kuwa masu tafin ba su ne za su yi jinyarsa ba. Littafin Ishaya sura 38 ya nuna Allah ya ji addu'ar Sarki Hezekiya, annabin kuma ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Wanda ya gaskata an warkar da shi, ya je a auna shi sau da yawa, likita ya janye maganin da hannunsa.

Haka nan aikin jinya kyauta da ƙungiyoyinmu ke shiryawa a harabar majami'a. Niyyar tana da kyau, amma awo ɗaya da aka yi wa mutumin da ya tako cikin rana ya tsaya a layi bai isa a ce yana da hawan jini ba, balle a damƙa masa ƙwayar wata guda a tafi ba mai sāke ganinsa. Gara a auna, a rubuta masa lambar, a haɗa shi da asibitin unguwarsu, kuɗin ƙwayar kuma a biya wa waɗanda aka riga aka ɗora a kan magani suka kāsa saye.

Kusan kowace ikkilisiya a Birged da Gama da Badawa tana da nas ko ma'aikacin lafiya a cikin membobinta, wasu ma sun yi ritaya suna zaune. Na'urar awo ɗaya da littafi ɗaya sun isa a fara. Lahadi ɗaya a wata, bayan sujada, a auna tsofaffi a zaune da kuma a tsaye, a tambaye su ko sun yi jiri ko sun faɗi tun haɗuwar baya, a rubuta. Ranar zuwa asibiti kuma ɗa ko jika ya tattara duk abin da Baba ke sha cikin leda ɗaya, har da ruwan ido da haɗin kemis da jiƙon da aka aiko daga ƙauye, ya shiga ɗakin likita tare da shi, domin tsofaffinmu sukan ce wa likita "da sauƙi" ko da jiya suka faɗi.